Ranar da Mai Guga Ya Ɗauke Wuta

A layin da ke bayan tsohon gidan silima, duk wanda ya taɓa sa riga mai kari ya san shagon Mai Guga. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe. A ciki akwai dogon tebur da aka lulluɓe da bargo, aka shimfiɗa masa farin ƙyalle wanda tsakiyarsa ta daɗe da komawa ruwan ƙasa. Igiya ta ratsa daga bango zuwa bango, riguna na rataye a jere kamar mutane marasa kai suna jiran a kira su. Dutsen guga biyu gare shi: na lantarki, da na gawayi wanda yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur saboda ranar da aka ɗauke wuta. A bayan shagon akwai ɗaki da ɗan tsakar gida, nan yayarsa take zaune.

Shi siririn mutum ne mai ɗan doro, irin na wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a sunkuye. Ba ya da yawan magana. Abin da aka fi saninsa da shi hancinsa ne. Maigidan da ya koya masa sana'a ba ya zagi in an ƙona masa riga, sai dai ya sa ka shinshina wurin har idonka ya kawo ruwa, don haka tun yana yaro ya koyi jin ƙauri kafin ido ya ga tabo. Auduga in ta fara ci, warinta kamar na takarda ne. Ulu kamar gashi. Amma yadin nan mai santsi da ƙyalli, wanda shi yake kira leda, ba ya sallama. Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi da ke kama maƙogwaro, kuma kafin ka ɗaga dutse ya riga ya narke ya bar maka rami.

"Hancin nan ya riga ka zuwa duniya, Auta," in ji yayarsa. "Shi aka fara gani, sannan kai ka biyo baya."

Ita kaɗai ke kiransa Auta, ko da yake furfura ta cinye rabin kansa. Uwarsu ta rasu yana goye, ita ta ɗauke shi ta ƙarasa goyon. Da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, sai shi kuma ya ɗauko ta. Mace ce mai jiki, gwiwoyinta sun ƙi ta, idanunta sun yi yana, ba ta tafiya sai da sanda. Harshenta ne kawai tsufa bai taɓa ba.

Gidan silimar kuwa, tun da aka daina nuna fim aka mayar da shi gidan kiɗa. Duk ranar Asabar da yamma ake wasa, a tashi kafin duhu. An gina shi don duhu, saboda haka ba shi da taga ko ɗaya. A ƙasa an kwashe kujeru, mutane a tsaye suke kallo. A bene an bar tsofaffin kujerun, kuma hanyar zuwa can guda ce: matakalar katako siririya, mai kwana a tsakiya, wadda ke saukowa cikin zaure. Daga zaure manyan ƙofofi ke fita haraba, amma mai gadin, wani tsohon soja da kowa ke kira Soja, yakan ɗaure su da sarƙa ya bar ƙyaure ɗaya, don kada masu shigar sata su fi ƙarfinsa.

Mai Guga ne ke goge wa makaɗan kaya. Kafin a fara wasa yakan kafa ɗan teburinsa a ƙarƙashin matakala, domin nan ne kaɗai soket mai lafiya yake, dab da babban akwatin lantarkin gidan mai mariƙin ƙarfe. In ya gama, Soja ya ɗaga masa gira, ya haye bene. A haka ya ga 'yan kallo iri-iri. Akwai masu zuwa rawa, akwai masu zuwa a gan su. Akwai wani mai gyaran agogo da ke rufe ido tun daga farko har ƙarshe, har aka daɗe ana zaton barci yake. Akwai mata biyu da ba sa magana da juna a unguwa, amma a nan kafaɗa da kafaɗa suke amshi. Shi ba ya tafi, ba ya rawa. Yakan zauna ne yana duban karin da ya fitar a wandon mai gita, yana jin kiɗan a ƙirjinsa.

Ya kuma san halin gidan in an ɗauke wuta, domin ana ɗaukewa. Lasifika ta mutu, fankoki su tsaya, duhu ya rufe. Sai a ji tsaki ɗaya daga ɗaruruwan bakuna, a zagi masu wuta da iyayensu. Soja ya kwance sarƙa ya wangale ƙofofi, jama'a su fito haraba a hankali suna fifita da hula, a sayi ruwa, a yi ba'a, har mai janareta ya gama lallashin injinsa. Bai taɓa ganin wanda ya yi gudu ba. Ɗauke wuta tsohon saninsu ne.

A farkon wannan shekarar masu gidan suka sayo sabon labulen dandamali, ja jawur, mai nauyi da ƙyalli. Mai Guga aka kawo wa ya fitar masa da alamun ninki. Ya gwada bakin dutse a wata kusurwa da ba za a gani ba, ya ɗaga da sauri. Leda ce. Da jiƙaƙƙen ƙyalle a sama ya goge shi, yini guda, kuma warin kusurwar nan bai bar hancinsa ba har ya kwanta.

Sai labari ya zo cewa Zakara zai dawo.

Zakara tsohon mawaƙi ne wanda ya daɗe da ajiye makirfo. A zamaninsa yana da wata al'ada da ta zama ta gidan gaba ɗaya. In waƙa ta yi daɗi sai ya tsaya ya karkata kai ya ce, "Me na kawo muku?" Jama'a su amsa da murya ɗaya: "Wuta!" Ya tafi, amma kalmar ta zauna. Mai ganga ya yi abin kirki, wuta. Mai gita ya ja waya ta yi kuka, wuta. Yaran da ba a haifa ba lokacin da Zakara ke tashe su ma sun gaji kalmar.

"Za ni," in ji Yaya, tun kafin ya gama ba ta labari.

"Yaya, ai daga tsakar gida ma ana ji ta bango."

"Ta bango? Ni ƙadangaruwa ce? Akwai waƙar nan tasa mai sanyi, ta mai jiran jirgi. Marigayi da ita yake wanka. Sai na ji ta daga bakin mai ita kafin ɗayanmu ya tafi."

"Matakalar fa?"

"Kai fa na hau da kai tudu kana goye kana yi mini fitsari. Yau ka biya."

Ranar, tun da rana tsaka layin ya cika. Mai Guga ya goge farar rigar Zakara a ƙarƙashin matakala, yana jin takun mutane a saman kansa ba ƙaƙƙautawa, ƙura na zubowa daga tsakanin katakai tana sauka a kan farin yadin yana hurewa. Bai taɓa jin matakalar na kuka irin na ranar ba. Da ya fito ɗauko Yaya, ya tarar Soja ya jiƙe sharkaf, ya ƙara wa sarƙa kwaɗo na biyu.

"Yau ko kuda sai da tikiti," in ji Soja.

Hawan ya ɗauke su lokaci. Ita a gaba, shi a baya yana tare ta da kafaɗa, sanda na ƙwanƙwasa katako. A kwanar tsakiya akwai wani ɗan lungu inda bango ya shiga ciki, nan ta jingina ta huta.

"Auta, wanda ya gina abin nan ba shi da uwa."

A bene wani direban bas, wanda ba ya fashin Asabar, ya tare musu kujeru a gaba. Ƙaton mutum ne mai murya kamar hon ɗin motarsa.

"Gwaggo, yau ke ce da kanki? Ashe tsohuwar mota na hawa tudu!"

"Tana hawa, ɗan nan, in dai ba kai ke tuƙi ba."

Aka yi dariya, aka matsa mata. A ɗaya gefenta wata yarinyar mace ce da jariri a ƙirji, ta toshe masa kunne da auduga. Mai Guga ya leƙa ƙasa. Ba a ganin daɓe, kawuna ne kawai, wasu da yara a wuya. Zafi na tasowa kamar daga bakin tukunya. Saboda masu ɗaukar hoto an aro ƙarin manyan fitilu an rataya a can sama, kusa da kan labule. Akwai kuma wani inji da ke fesa farin hayaƙi na ado, yana birgima a ƙafafun makaɗa.

Zakara ya fito a hankali, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Amma da ya buɗe baki, sai gidan ya yi tsit. Yaya ta kama hannun kujera.

"Shi ne," ta ce. "Ya tsufa, amma shi ne."

Wasa ya yi nisa. Zakara ya karkata kai ya yi tambayarsa, gini ya girgiza da amsa. Direba ya cire hula yana kaɗawa. Yaya na amshi da muryar da ƙaninta bai san tana da ita ba har yanzu.

A nan ne hancin Mai Guga ya tsaya.

Da farko ya ce taba ce. Ya shinshina hannun rigarsa, ko shi ya taho da warin aiki. Ba shi ba ne. Ya ce hayaƙin adon ne, amma wancan ba ya da wari sai ɗan sanyi. Sai abin ya sauko masa a maƙogwaro, mai zaƙi-zaƙi, ya kama.

Ya ɗaga kai. A kusurwar sama, ɗaya daga cikin fitilun aro ta zame ta kwantar da fuskarta a cikin ninkin labule. Wani baƙin tabo kamar tafin hannu na faɗaɗa a jikin jan, bakinsa na naɗewa, wani abu na ɗiga daga gare shi. Siririn hayaƙi na hawa yana shigewa cikin farin. Daga ƙasa ba za a gani ba, allon saman dandamali ya tare. Daga bene ma sai wanda ya san inda zai duba.

Ya damƙi hannun Direba. "Wuta."

"Wuta, malam! Wallahi wuta!" Direba ya dake shi a kafaɗa. "Yau kai ma ka ji a jikinka!"

Mai Guga ya miƙe tsaye, ya nuna da hannu, ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa. "Wuta! Jama'a, wuta!"

Benen gaba ɗaya ya miƙe tare da shi. "Wuta!" Hannuwa suka tashi suna nuna inda yake nunawa, wajen dandamali, ana dariya. Na ƙasa suka karɓa. Zakara ya kare ido da tafin hannu ya dubi sama.

"Wa nake gani can? Mai Guga ne? Jama'a, yau har bebe ya yi magana! To ku taya shi. Me na kawo muku?"

Amsar ta kusa ɗaga rufi.

Mai Guga ya tsaya da hannu a miƙe kamar wanda aka shanya. Akwai ɗaya kalmar, wadda ba wanda zai yi mata amshi. Tana nan a kan harshensa: gobara. Sau ɗaya ya taɓa jin an kira ta a cikin taro, yana saurayi, a wata rumfar tasha. Wutar ranar da bokiti aka kashe ta. Abin da bai manta ba shi ne bayan an watse: takalma warwatse a ƙasa, da waɗanda aka jera a gefe aka rufa musu zane. Ya dubi bakin matakala, wanda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Ya dubi gwiwoyin Yaya. Ya haɗiye kalmar.

Ya sunkuya ya sa baki a kunnenta. "Yaya, tashi mu tafi."

"Ka ci kai? Bai yi tawa ba tukuna."

"Labulen nan na ci."

"Wane labule?"

"Wanda na goge."

Ta daina kaɗa kai. Shekara da shekaru tana yi wa hancin nan ba'a, amma ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

"Ledar nan?"

"Ita."

Ta laluba ta ɗauki sandarta. "Kada ka kuskura ka faɗi ɗaya sunan."

"Ban faɗa ba."

"Ina zuwa, Gwaggo?" in ji Direba. "Yanzu fa aka fara!"

"Tsufa, ɗan nan. Mara ba ta san waƙa ba." Ta juya wajen mai jaririn ta kama gefen mayafinta. "'Yar nan, taso ki raka ni. Wannan namiji ne, ba zai shiga da ni ba."

Yarinyar ta ɓata fuska, amma ta tashi.

Saukar ta fi hawan wuya. Sai ta sauke sanda, ta sauke ƙafa ɗaya, ta jira gwiwa ta yarda, sannan ɗayar ta biyo. Shi yana gabanta da baya-baya, hannuwansa a ƙarƙashin hammatarta. Ta cikin bango ganga na dukan bayansa. Duk takun da ta yi, yana ganin tabon nan a ransa yana ƙara faɗi. Da suka kai kwana ta tsaya tana haki.

"A haka sai an tashi ban kai ƙasa ba. Me kake nufin yi?"

"In fitar da ke."

"Sannan?"

Ya gyara riƙon da ya yi mata.

"Sannan mu tsaya a haraba muna kallon 'ya'yan mutane?"

Mai jaririn ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙanƙame ɗanta. Shi kuwa idonsa ya sauka ta tsakanin katakai, inda teburinsa yake a jingine, da akwatin da ke kusa da shi.

"In na ɗauke wuta," ya ce a hankali, "da kansu za su fita."

"To me kake jira?"

"Ke. Duk na sama ta nan za su bi, cikin duhu."

"Ga lungu nan. Jingine ni kamar tsintsiya ka tafi." Ta tura yarinyar gaba. "Ke kuma bi shi, kada ki waiwaya, kada ki ce wa kowa komai."

Ya jingine ta. Sakin hannunta ya fi masa komai nauyi a ranar. Ya sauka a guje.

Soja na tsaye a bakin ƙofar shiga fili yana leƙen wasa, kafaɗunsa na rawa.

"Soja, kwance sarƙa, za a ɗauke wuta."

"Kai ne kamfanin?"

Mai Guga ya shige ƙarƙashin matakala, ya kama mariƙin da hannu biyu. Ya ƙi. Ya rataya nauyinsa duka a kai, sai ya faɗo da wata ƙara kamar an karya ƙashi.

Muryar Zakara ta yanke a tsakiyar kalma. Ganga ta ci gaba ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan ta ji kunya ta tsaya. Duhu. Sai tsakin nan da ya sani ya taso, dogo, daga ƙasa har bene.

"Kai! Sun ɗauke!"

"Yau ma? Allah ya isa!"

Hannu ya shaƙe masa wuyan riga. "Na gan ka," in ji Soja. "Ka haukace ne?"

Mai Guga ya jawo kan Soja ya sa baki a kunnensa, ya faɗi kalmar, sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Ya ji yatsun sun saki. Soja ya juya wajen ƙofa. Makullai suka yi ƙara, kwaɗo na farko ya buɗe, na biyu ya tsaya gardama, sannan sarƙa ta zube. Hasken yamma ya faɗo cikin zaure. Mai jaririn ce ta fara fita.

"A fito a sha iska!" Soja ya ɗaga murya, irin ta kowace Asabar, ba ƙari ba ragi. "Sannu-sannu, ba a rabon komai a waje!"

Suka fara fitowa, ana fifita, ana mita. Mai Guga ya kutsa matakala yana hawa su suna sauka, yana bin jikin bango, ana ce masa malam ina za ka, an ce maka an kawo ne? Ya sami Yaya inda ya bar ta. Ya juya wa jama'a baya, ya kafa hannun hagu a bango, na dama ya kama ƙarfen matakala, ya yi mata rumfa da jikinsa.

Suna wucewa a bayansa, kafaɗa na gogar kafaɗa, wayoyi na haska ƙafafu.

"Mai Guga, kai ka yi ta kiran wuta har ta gudu!"

"Gwaggo, nan kika maƙale?" Muryar Direba ce. "Taya ta yi faci?"

"Wuce, ɗan nan, ina shan mai ne."

Muryarta ba ta yi rawa ba, amma yatsunta sun nutse a rigarsa. Warin yanzu ba sai mai hanci ba. Wani ya yi tari a sama. Wata ta ce janaretan nan nasu wari gare shi. Wani ya ce ai ba a tayar ba tukuna. A wannan wajen ƙafafu suka ɗan ƙara sauri. Mai Guga na kallon bangon da ke gaban idonsa, yana roƙon ya zauna baƙi. Takun da ke sama ya fara raguwa. Ya fara cewa a ransa wataƙila, wataƙila.

Sai bangon ya yi ja. Ya ga inuwar kansa a jiki tana rawa.

Wata siririyar murya a can sama, ta yarinya, ta kira sunan nan da ya haɗiye.

Waɗanda suka rage a bene ba su da yawa, amma sun isa. Suka zubo gaba ɗaya kamar an kifar da buhu. Nauyi ya danne shi a kan Yaya, ya tura baya da duk abin da yake da shi don ya bar mata wurin numfashi. Gwiwa ta same shi a ƙugu, wani ya hau ta kan kafaɗarsa. Yana jin bakinta na motsi a ƙirjinsa tana addu'a. Hannunsa na dama ya shiga tsakanin ƙarfe da jikin mutane, ya ji yatsun na ƙara kamar busassun karare. Bai saki ba. In ya saki, ita ce a ƙasa.

Sannan nauyin ya ɗauke. Hayaƙi ya sauko matakala, baƙi, mai maiƙo. Ya ja ta, gwiwoyinta suka ƙi, hannunsa kuma ya ƙi rufuwa. Sai ga wani ƙato na hawowa da hula a hanci.

"Hau, Gwaggo," in ji Direba, ya durƙusa. "Yau ba kwandasta."

A waje rana ba ta ma faɗi ba. Harabar ta cika da mutane suna kiran sunayen juna. Zakara na zaune a ƙasa cikin farar rigarsa, karin hannun na nan tsaye yadda aka fitar da shi. Hayaƙi na fita ta ƙarƙashin kwano. Ta ƙofar da aka wangale Mai Guga ya hango zaure, takalma warwatse. Ya daɗe yana dubawa. Ba a jera kowa a gefe ba.

An samu karaya, an samu ƙuna, mai ganga ya bar fatar hannunsa wajen jawo ɗan'uwansa. Amma ba a rasa rai ba. Gidan kuwa bango kawai 'yan kwana-kwana suka tarar.

Magana ta rabu biyu a unguwa. Wasu suka ce Mai Guga ne ya fitar da mutane. Wasu suka ce taɓa akwatin da ya yi ne ya haddasa komai, ai an gan shi. An kira shi an yi masa tambayoyi, Soja ya je ya faɗi abin da ya sani, aka sallame shi. Bai bi kowa da bayani ba.

Yatsun sun warke a karkace. Yanzu da hagu yake guga, kuma karin ba ya tsayawa kamar da. Masu manyan riguna sun koma wani shagon, ya rage da kayan makaranta da zannuwan gado. Yaya ba ta ƙara hawa matakala ba, Zakara kuma bai ƙara waƙa ba.

"Ka hana ni waƙata, Auta," takan ce in tana shafa masa mai a hannun. "Saura kaɗan fa ya yi ta."

Ta kuma lura ya daina faɗin kalmar wuta. Sai ya ce an ɗauke lantarki, ko a miƙo masa garwashi. Ta yi masa ba'a a kan haka sau ɗaya, ba ta sake ba.

Ba a daɗe ba aka buɗe sabon gidan kiɗa a wani tsohon sito a ƙarshen layin. Wata safiya ma'aikatan wurin suka shigo da ƙunshi a kafaɗa suka sauke masa a tebur. Labule ne, shuɗi wannan karon. Ya murza bakinsa tsakanin yatsun hagu, bai ko kunna dutse ba.

"Ƙofa nawa gare ku?" ya tambaya.

"Ɗaya, amma babba ce. Za ka goge ko mu kai gaba?"

Ya gaya musu abin da yadin yake, da abin da ya gani. Suka saurara da ladabi, suka ce Allah ya kiyaye, suka ɗauki ƙunshinsu suka kai gaba.

Yanzu duk Asabar da yamma kiɗan na biyo layin har shagon. In ya yi nisa sai a ji amshin nan na Zakara, daga ɗaruruwan bakuna, cike da murna. Mai Guga yakan kafa dutsen a gindinsa, ya fito bakin ƙofa, ya juya fuska wajen siton ya ɗaga hanci.

"Me ka ji?" Yaya takan tambaya daga ciki.

"Ba komai tukuna."

Ba ya komawa kan tebur sai an tashi.